GIWA MAI FUKAFUKI: Yadda 'Yan Kumasi Suka Yi Faifan "Woyaya" A Landan

 A wannan karo za mu ɗan kauce daga maganar kasuwa da ta makaranta, mu leƙa duniyar makaɗa, domin akwai wani labari da ya shafi garin nan namu na Kumasi wanda da yawa daga cikin yaranmu ba su taɓa jin sa ba, alhali kuwa akwai darasi a cikinsa ga duk wanda yake zaune a Zango. Mun san malamanmu suna da maganganu a kan kiɗa, kuma wannan fili ba na fatawa ba ne. Abin da ya dame mu shi ne yadda baƙo yake samun daraja a garin da ba nasa ba, da kuma yadda jama'a suke riƙe abin da suka gada ko su sake shi ya salwanta.

Kiɗan ƙarfe da rundunar makaɗa

A ƙasashen Turai akwai wani irin kiɗa da ake kira metal, wato kiɗan ƙarfe. Jita ce ta lantarki ake ƙure wa murya har ta riƙa gurnani, ga ganguna ana dukansu kamar ana sussukar dawa, mawaƙi kuma yana ɗaga murya iyakar ƙarfinsa. An fi danganta haihuwarsa da birnin Birmingham na Ingila, garin maƙera da masana'antu, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970. A ɗaya gefen kuma Turawa suna da tsohon kiɗansu na fada da na coci, wanda makaɗa saba'in ko tamanin suke zama wuri ɗaya, wasu da goge manya da ƙanana, wasu da sarewa, wasu da ƙaho, mutum guda yana tsaye a gabansu da ɗan tsinke yana ba su umarni. Shi ne ake kira simfoni. Na farko kiɗan 'ya'yan leburori ne, na biyu kuwa na masu kwat ne da manyan gari.

Duk da wannan rata, an sami waɗanda suka ɗaura wa kiɗan biyu aure. Ranar 24 ga Satumba 1969 ƙungiyar Deep Purple ta hau dandalin Royal Albert Hall a Landan tare da rundunar makaɗan Royal Philharmonic. Daga baya abin ya zama reshe mai zaman kansa: Therion ta ƙasar Suwidin ta fitar da faifan "Theli" a 1996 da muryoyin mawaƙan opera, Metallica ta Amurka ta yi wasa da makaɗan simfoni na San Francisco a 1999, sannan Nightwish ta ƙasar Finlan ta fitar da "Once" a 2004, wanda ya hau matsayi na ɗaya a Finlan da Jamus.

Mai karatu zai ce to ina ruwan biri da gada? Ruwanmu kuwa shi ne, tun wannan kiɗa yana cikin zanen goyo akwai hannun 'yan Kumasi a jikinsa. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka fara wannan haɗi ita ce Uriah Heep ta Landan, wadda a 1971 ta fitar da faifan "Salisbury" mai ɗauke da waƙa guda ta minti 16 da aka yi tare da rundunar mabusa. A cikin shekarar dai ta sake fitar da wani faifai mai suna "Look at Yourself". Duk wanda ya saurari waƙar da ta buɗe shi zai ji can wajen ƙarshe gangunan hannu sun ɓarke suna tsere da jita. Masu dukan gangunan nan su ne Teddy Osei da Mac Tontoh, 'yan garin nan, da abokinsu Loughty Lasisi Amao ɗan Najeriya. An gayyato su ne daga ƙungiyarsu mai suna Osibisa, wadda a wannan shekara ta 1971 ita ma take girgiza Landan da nata faya-fayen.

Daga Kumasi zuwa Landan

An haifi Teddy Osei a nan Kumasi a watan Disamba na 1937, ƙanensa Mac Tontoh kuma a 1940. Teddy ya tafi Sekondi karatun zanen gine-gine, a can ne ya ɗauki saksofon, wannan ƙahon Turawa mai lanƙwasa, ya duƙufa a kansa har ya iya. Ya yi kiɗan hailaif a ƙungiyar Stargazers tare da wani mai ganga mutumin Ankara, Sol Amarfio, daga baya suka kafa tasu mai suna Comets, wadda waƙarta "Pete Pete" ta yi tashe a 1958. Shi kuwa Mac begila ya kama, ya yi zama a Comets, sannan ya shiga babbar ƙungiyar nan ta Uhuru Dance Band.

A 1962 Teddy ya tafi Landan, inda ya sami tallafin gwamnatin Gana ya shiga makarantar koyon kiɗa. Da aka hamɓarar da Nkrumah a 1966 sai tallafin ya yanke. Duk wanda guzuri ya taɓa ƙare masa a baƙon gari ya san irin wannan hali. A wancan lokaci makaɗin Afirka da yake son cin abinci a Turai, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya riƙa kwaikwayon waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka a gidajen rawa. Ana samun na tuwo, amma ba a samun suna, domin kuwa kayan aro ba ya rufe katara.

A 1969 sai Teddy ya shawo kan Mac da Sol suka same shi a Landan. Suka haɗu da Loughty Amao mai ganguna da saksofon, da wasu samari uku daga tsibiran Karibiyan: Wendell Richardson na Antigwa mai jita, Robert Bailey na Tirinidad mai ogan da fiyano, da Spartacus R na Girenada mai babbar jitar nan ta ƙasa-ƙasa. Mutum bakwai ke nan daga ƙasashe biyar. Sunan da suka zaɓa daga gida suka ɗauko shi, daga "osibisaba", wani tsohon kiɗan Fante na bakin teku.

A nan muna so mai karatu ya lura da shekarar. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 ne gwamnatin Busia ta ba da umarnin nan da ya ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa cikin mako biyu. Dattawanmu na Tafo da Aboabo da Sabon Zango da Yalwa ba su manta da shi ba: an karyar da kaya a wulaƙance, an rufe shaguna, manyan motoci sun kwashi dubban mutane, har da waɗanda a nan aka binne cibiyarsu. To a daidai lokacin da ake korar baƙi daga Gana, 'yan Gana uku suna can suna baƙunta a ƙasar wasu, sun haɗa kai da ɗan Najeriya da jikokin bayin da aka kwasa daga gaɓar tekun nan, suna shirin ɗaga sunan Gana fiye da yadda jakadu da yawa suka yi. Idan aka duba da kyau, Osibisa zango ce: baƙi daga wurare dabam-dabam sun sauka a garin wasu, suka nemi harshe ɗaya da zai haɗa su. Mu Hausa ce ta haɗa mu da Mosi da Dagomba da Zabarmawa da Kotokoli da Yarabawa da Fulani. Su kuwa ganga ce ta haɗa su.

Yadda aka yi faifan

Kamfanin MCA ne ya ɗauke su, aka kuma damƙa aikin ɗaukar sauti a hannun Tony Visconti, wani Ba'amurke mazaunin Landan wanda ya yi suna wajen aiki da David Bowie da ƙungiyar T. Rex. Faifansu na farko, mai ɗauke da sunan ƙungiyar, ya fito a 1971. Tun daga sunayen waƙoƙin mutum zai gane ba su ɓoye asalinsu ba: akwai "Akwaaba", wato sannu da zuwa a bakin masu masaukinmu, akwai kuma "Music for Gong Gong", wato wannan ƙarfe da mai shelar sarki yake bugawa idan zai yi sanarwa. Tun kafin ƙurar na farko ta lafa suka koma suka yi na biyu, "Woyaya", shi ma da Visconti. Waƙa bakwai ce a cikinsa, kuma wadda ta buɗe shi sunanta "Beautiful Seven", daidai da adadinsu.

A wancan zamani babu kwamfutar da za ta gyara wa mutum kuskure. A kan tef ake ɗauka, faifan kuma fuska biyu gare shi, kowace fuska ba ta wuce minti ashirin da 'yan kai ba. Saboda haka dole kowa ya san aikinsa kafin a kunna na'ura. Kiɗan nasu kuwa kamar ginin bene ne mai hawa uku. Harsashinsa ganguna ne da ƙararrawa da caki, kowanne yana tafiya da nasa taku amma duk suna haɗuwa a wuri ɗaya, kamar yadda makaɗan fontomfrom suke yi a Manhyia. Hawa na biyu mabusa ne, Teddy da Mac da Loughty, suna yin aikin da 'yan amshi suke yi wa mawaƙin Hausa: a jefa musu, su cafe, su mayar. A can sama kuma ga jitar Richardson tana kuka da ogan ɗin Bailey, irin sautin da samarin Ingila suka saba ji a wurin ƙungiyoyinsu.

Muhimmin abin lura a nan shi ne tsarin ginin. Da yawa daga cikin masu haɗa kiɗan gida da na waje sukan yi harsashi da na waje, sannan su yayyafa na gida a sama kamar yaji a kan tsire. Osibisa ba haka ta yi ba. Kiɗan gida shi ne mai gida, jitar lantarki ita ce baƙuwa, an ba ta tabarma ta zauna, an kuma bar ta ta yi magana, amma ba ita take yanke hukunci ba. Haka ma gwanayen kiɗan ƙarfe na simfoni suka gane daga baya: faifan da aka liƙa wa goge hamsin don ado kawai ba ya daɗewa, wanda yake daɗewa shi ne wanda aka tsara tun daga tushe don kowane ɓangare ya sami aikin yi.

A cikin "Woyaya" akwai waƙar "Spirits Up Above" wadda suka aro daga mabushin nan na Amurka Roland Kirk, suka yi mata sabuwar riga da taron muryoyi. Akwai kuma waƙa ta shida, wadda sunanta kaɗai ya isa ya sa ɗan Zango ya tsaya: "Rabiatu". Babu lungun da za ka shiga a Tafo ko Asawase ko Moshi Zango ka kira Rabi ba a amsa maka ba. Ga shi sunan 'ya'yanmu da ƙannenmu ya hau faifan da aka sayar a Landan da New York. Sai waƙar ƙarshe, "Woyaya", wadda a harshen Ga take nufin "muna tafiya". Ita ba ta da hayaniya, a hankali take tafiya kamar ayarin fatake, maganarta kuma a kan matafiya ce da suke da yaƙinin isa masauki ko da hanya ta yi wuya.

Bangon faifan ma yana da nasa labarin. Wani matashin mai zane Bature, Roger Dean, shi ya zana musu giwa mai fukafukai irin na ƙwaro tana shawagi a sama, aka sa ta a faifan farko da na biyu, ta zama tambarin ƙungiyar. Wannan aiki yana cikin abin da ya buɗe wa Dean ƙofa, domin bayansa ne ya shiga yi wa ƙungiyar Yes zane, ya kuma zana wa Uriah Heep bangon "Demons and Wizards" a 1972. Irin zanen duniyar almara da ake gani a bangon faya-fayen kiɗan ƙarfe har yau, Dean yana cikin waɗanda suka share masa hanya, giwar Osibisa kuwa tana cikin ayyukansa na farko da duniya ta sani.

Yadda duniya ta karɓe shi

Faifan farko ya kai matsayi na 11 a jerin faya-fayen da aka fi saye a Ingila, "Woyaya" ma ya kai na 11, kuma dukansu sun shiga jerin na Amurka. A tuna cewa wannan ya faru ne shekaru da dama kafin kantunan Turai su ware wani sashe na musamman don kiɗan Afirka. Ba a sayar da su da sunan tausayi ko na kayan tarihi ba. A kasuwa ɗaya suka baje kolinsu da manyan ƙungiyoyin Ingila, masu sayen nasu kuma su ne ɗaliban jami'a da samarin da suke sauraron Deep Purple da Uriah Heep.

A gida ma lokacin ya dace. Ranar 6 ga Maris 1971 aka yi babban wasan nan na Soul to Soul a dandalin Black Star na Ankara, inda Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Santana suka zo daga Amurka. Samarin Gana suka ga Santana yana haɗa jitar lantarki da gangunan da asalinsu na Afirka ne, sannan ga labari yana zuwa daga Landan cewa 'yan'uwansu sun yi irin wannan kuma Turawa suna rububi. Makaɗa da yawa da suka ɗauka ci gaba shi ne a watsar da na gida sai suka sake tunani.

Waƙar "Woyaya" kuwa ta fi faifan nisan tafiya. Art Garfunkel na Amurka ya sake rera ta a faifansa "Angel Clare" a 1973, wata coci a Amurka ta sa ta cikin littafin waƙoƙinta a 2005, a nan Gana kuma ta zama kamar waƙar kowa, ana jin ta a tarukan makarantu da na ƙasa, har waɗansu suna zaton tsohuwar waƙar gargajiya ce da ba a san mai ita ba. Ƙungiyar ta zagaya duniya, ta yi wasa a Japan da Ostireliya da Indiya, ta kuma halarci bikin FESTAC a Legas a 1977.

Inda aka yi tuntuɓe

Sai dai kuma tsintsiyar ba ta daɗe a ɗaure ba. Bayan faifai na uku, "Heads", a 1972, bakwai ɗin nan suka fara watsewa. Spartacus R ya tafi, Richardson ya tafi har ya ɗan yi aiki da ƙungiyar Free, aka yi ta sauya mutane. Kamfanoni ma aka yi ta sauyawa: daga MCA zuwa Warner Brothers, daga nan zuwa Bronze, kamfanin Gerry Bron wanda shi ne na Uriah Heep. A Bronze ne suka yi "Sunshine Day", wadda ta kai matsayi na 17 a Ingila a 1976, da "Dance the Body Music". Waƙoƙin sun sayu, amma kiɗan ya fara karkata zuwa disko don biyan buƙatar kasuwa, wato baƙuwar nan da aka ba tabarma ta fara zama uwar gida. Gaskiya ne idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma mai yawan bin rawar wasu wata rana zai nemi tasa ya rasa. Shi ya sa har yau idan masana suna maganar Osibisa, faya-fayen 1971 suke fara ambata.

Akwai kuma labarin Kiki Gyan, yaron Takoradi gwanin fiyano da ya shiga ƙungiyar tun yana ɗan saurayi, ya ga kuɗi da suna tun bai mallaki hankalin kansa ba, miyagun ƙwayoyi suka kama shi, ya rasu a Gana a 2004 cikin halin ban tausayi. Iyayen da suke fargabar 'ya'yansu su shiga wannan sana'a ba su yi ƙarya ba, hatsarin yana nan. Amma maganin hatsarin mota ba shi ne a hana koyon tuƙi ba.

A gida kuma sai wani ƙalubale ya taso. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 an sa dokar hana fitar dare wadda ta kai har 1984, gidajen wasa suka mutu, ga tattalin arziki ya durƙushe, kayan kiɗa suka gagari saye. Makaɗa da dama suka yi ƙaura zuwa Jamus da Ingila da Najeriya, waɗanda suka rage kuma da yawa suka koma coci. Manyan ƙungiyoyi masu mabusa irin waɗanda suka yaye Teddy da Mac suka yi ƙaranci, na'ura ta maye gurbin mutum. Mac Tontoh ya dawo gida ya yi ta ƙoƙarin horar da matasa har ya rasu a Ankara a 2010. Sol Amarfio ya rasu a 2022, shi kuma Teddy Osei ya rasu a Landan a watan Janairun 2025.

Duk da haka irin da suka shuka bai mutu ba. A 1988 Nana Danso Abiam ya kafa Pan African Orchestra, rundunar makaɗa ta simfoni wadda babu kayan Turawa a cikinta, sai sarewar atenteben da kora da gangunan Asante da gonje, wato gogen da muka sani, suka kuma fitar da faifan "Opus 1" a 1995. Samarin VIP na Nima sun sa Hausar Zango a cikin hiplaif, faifansu "Ahomka Womu" na 2003 ya cika ƙasa. Kuma duk wani mawaƙin Gana ko Najeriya da yake cika manyan dandaloli a Landan a yau, hanyar da giwar nan ta fasa yake bi, ko ya sani ko bai sani ba.

Mu ina namu?

Yanzu sai mu dawo gida. Hausawa ba baƙin rundunar makaɗa ba ne. Duk wanda ya taɓa ganin hawan salla a Kano ko Katsina ko Zariya ya ga simfoni da idonsa: ga kakaki na ƙarfe mai tsawon da ya fi mutum, ga algaita wadda mabushinta ba ya yanke numfashi, ga farai da ƙaho, ga tambari da ganga, kowanne da gurbinsa da lokacin shigarsa. Muna da kalangu na mahauta, da garaya ta maharba, da kotso da taushi da jauje na mawaƙan fada, da goge da kukuma da gurmi, mata kuma suna da ƙwarya da shantu. Mamman Shata da kalangu ya riƙe ƙasar Hausa har ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos kuwa da ɗan kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya. Ko gangar donno da Asante suke kaɗawa a yau daga arewa ta zo musu, ta bi hanyar da goro da batakari suka bi. Ashe ba yau muka fara ba wa maƙwabta ba.

To amma mu duba bukukuwanmu na yanzu a Tafo da sauran zanguna. A wurin suna ko aure, sau nawa ake kiran mai kalangu ko mai goge? An fi ɗauko mai manyan lasifikoki ya cika unguwa da waƙoƙin da aka haɗa a kwamfuta. Yaranmu masu sha'awar waƙa suna da basira, amma da yawansu ba su taɓa riƙe ganga ba, sautin da suke ɗora murya a kai kuma daga intanet suke sauko da shi, irin wanda yaron Legas da na Landan suke amfani da shi. Tsofaffin da suka san taken sarakunan Zango da kirarin gidajenmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya tafi da abin da yake cikin kansa. Ga jama'ar da take tsiraru a ƙasa, wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin take da kirari su ne rajistar da ta nuna daga ina muka zo da kuma tun yaushe muke nan.

Shawararmu uku ce. Ta farko, a ɗauki muryoyin dattawan makaɗanmu tun suna raye. Wayar da take aljihun kowane saurayi a yau tana iya wannan aiki. A zauna da su, a ɗauki kiɗan, a tambayi sunan kowane take da na wanda aka yi wa, a rubuta. A ajiye kwafi a fadar Sarkin Zango, a kai wani Cibiyar Al'adu ta Kumasi, a kai wani ma'ajiyar sauti ta Jami'ar Legon mai ɗauke da sunan Farfesa Kwabena Nketia, wanda tun shekarun 1950 ya bi ƙauyuka yana irin wannan aiki.

Ta biyu, yaron da ya nace sai ya yi waƙa, to a ce masa ya koyi sana'ar da gaske. Teddy da Mac sun shafe fiye da shekara goma suna busa kafin duniya ta ji sunansu, Teddy kuma har makaranta ya shiga. Ya koyi kalangu ko goge a wurin masu shi, ya koyi jita ko fiyano idan yana so, ya kuma gyara Hausarsa, sannan ya haɗa. Wanda ba shi da abin kansa ba haɗi yake yi ba, kwaikwayo yake yi.

Ta uku, a san takarda. Mu jikokin fataken goro ne, ba a san mu da sayar da kaya ba lissafi ba. Ƙasar nan tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2005, akwai ƙungiyar makaɗa ta MUSIGA, akwai kuma GHAMRO mai karɓar wa mawaƙa kuɗin amfani da waƙoƙinsu. Kada yaro ya sa hannu a yarjejeniyar da bai karanta ba, kada kuma a ɗauki kiɗan dattijo a ci riba a bar shi da godiya.

Mutum bakwai da ba su da kowa a Landan sun sa masu gari sun saurare su, ba don sun fi Turawa iya kiɗan Turawa ba, sai don sun zo da abin da masu gari ba su da shi, kuma sun san kansa. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Muna roƙon shugabannin matasa na Tafo da Aboabo da Asawase da Sawaba da su ɗauki wannan magana su kai ta gaban sarakuna da dattawa, duk wanda kuma ya san wani tsohon makaɗi a unguwarsu ya rubuto wa wannan fili.